Shekarar da Sabo Ya Yi Ta Neman Gafara

Da sunan Allah wanda Ya saukar da cuta, Ya kuma saukar da maganinta. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu da alayensa.

Waɗanda suka san ni a Ƙofar Wambai, inda nake sayar da zare da allura da maɓallai, za su yi mamakin ganin na zauna ina rubuta abin da ba na dariya ba. Ni ne Habu, wanda ko gidan makoki na je sai an mayar da ni can bakin lungu don kada masu kuka su ji kunya. To, yau ba da wasa na zo ba, sai dai bakin ya saba, zai riƙa zamewa, ku yi haƙuri. Na rubuta wannan da izinin mai ciwon, don kada wani gida ya tafka irin wautar da muka tafka, mu wajen talatin, da gemunanmu da rawunanmu.

Sabo taubashina ne. Mahaifiyata ƙanwar mahaifinsa ce. Baduku ne, takalma yake ɗinkawa, rumfarsa tana kallon tawa. Shekara ashirin da 'yan kai muna tsiya da juna daga hantsi har la'asar, har akwai masu zuwa sayen allura ɗaya tak don su tsaya su saurara. Kun san tsakanin taubasai babu fushi, babu kai ƙara, babu ban haƙuri. Yana ce min Ɗan Goggo, bawan da ya gada. Kuma gaskiya ya fi ni baki. In na jefa masa ɗaya sai ya dawo min da bakwai, har da gyara.

Shekarar da sojoji suka koma bariki aka miƙa wa farar hula mulki, garin nan ya cika da ayarin 'yan siyasa. Duk wanda ya ci zaɓe, ko na kansila ne, sai ya zaga birni sau uku da kiɗa, 'yan acaɓa suna gaba suna tsayuwa a kan babura. Wata Laraba Sabo ya fito daga gidansa a Dukawuya da fata a kafaɗa zai tsallaka titi, wani ɗan acaɓa da ya saki hannu yana kaɗa tuta ya kwashe shi. Kansa ya bugi bakin kwalbati. Da aka zo aka gaya min, na ce a je a duba lafiyar kwalbatin, don na san kan Sabo. Sai da na isa asibiti na ga jini na fita ta kunnensa, idonsa a buɗe amma ba kowa a ciki, sannan na san ba wasa ba ne.

Kwana shida bai san inda yake ba. Muna shimfiɗe a barandar asibiti, ni da matarsa Binta da Baba Alhaji, ƙanin mahaifinsa, wanda shi ne babban gidan tun da mahaifin ya rasu. Layin karɓar kati kaɗai, wallahi mutum zai iya shiga da baƙin gashi ya fito da furfura. A rubuto maka magani, ka je kantin asibiti a ce babu, ka tsallaka titi ka sayo, ka dawo ka tarar wanda ya rubuta ya tashi. Tunkiyar da Binta take kiwo don layya tun a satin farko aka sayar da ita. Amma kada in ci amanar mutane: akwai wata sista baƙa doguwa da take juya shi da hannunta, tana goge masa baki da auduga kamar ɗan cikinta. Allah Ya saka mata. Likita ya ce ƙashin bai shige ciki ba, amma ƙwaƙwalwar ta jijjigu, ta ƙuje ta gaba. Kalmar da ta zauna min ke nan, ta ƙuje.

Rana ta bakwai ya buɗe baki ya ce ruwa. Baba Alhaji ya yi sujada a kan simintin da ko akuya ba za ta yarda ta kwanta a kai ba. Sati uku aka sallame mu.

A gida rauni ya warke tas, sai tabo kamar ƙugiya a bayan kunne. Yana tafiya, yana gane mutane. Sai dai magana ta yi masa nauyi, hayaniya tana sa masa ciwon kai, yana mantuwa, hannun hagu kuma ba ƙarfi. 'Yan dubiya suka yi ta ɓarkowa, kowa da asibitinsa a aljihu. Wannan ya ce zuma da habbatus sauda. Wannan ya ce a kira wanzami a yi ƙaho a ƙeya a zuƙe mataccen jini. Wata gwaggonmu daga Gwammaja ta ce tun da ƙwaƙwalwa ce ta taɓu, a riƙa dafa masa ƙwaƙwalwar rago kullum. Sabo ya ci kan rago har na fara tsoron ranar da zai yi tunkuyi. An sha rubutu, an yi hayaƙi har ƙadangarun gidan suka yi ƙaura. Kowa ya shigo ya ce, "Ya jiki?" ya ce, "Da sauƙi." A ce alhamdu lillahi, a shafa fatiha, a tashi.

Baba Alhaji kuma ya yanke hukunci irin na masu ƙauna. Ya sa aka kulle rumfar Sabo, ya zura makullin a aljihun 'yar cikinsa, ya ce shekara guda ba kasuwa, ba aiki, ko tsinke kada a bari ya ɗaga. Dangi za su riƙe gidan. Aka shimfiɗa masa katifa a ɗaki, aka saki labule, aka hana yara motsi. Mutumin da tun yana shekara tara bai taɓa wuni ba basilla a hannunsa ba, aka ajiye shi kamar kwallar amarya, a share ƙura a mayar.

Ni kuwa na ɗauki nawa aikin: in sa shi dariya. Kullum na tashi daga kasuwa sai in biya. In ce, "Ranka ya daɗe, an ce kusoshi uku suka zube a titi, an tsinci biyu." Shiru. In ce, "Gobe zan kai ka layin 'yan gwanjo, amma na san ko a kyauta ba mai ɗauka." Sai ya ɗan motsa baki. Da na ga bai rama ba, sai na ce maganin bai kai ba ne, na ƙara awo. Ran nan na nuna buhun gero da dangi suka kawo aka jingine a ɗakin, na ce, "Kai da wannan duk zaman ɗaki kuke, amma shi aƙalla ana tuwo da shi." Mutanen da ke wurin suka fashe da dariya. Sabo ya kalli buhun ya daɗe. Na tafi gida ina jin daɗin na yi ƙoƙari.

Wajen wata na uku sai ya fara fita, muka yi murna. Ashe gida-gida yake bi. Ya je wurin mai shayin bakin layi ya ce ya yafe masa. Ya je wurin wani da suka yi faɗa tun suna makarantar allo, mutumin ma ya manta, ya durƙusa ya ce ya yafe masa. Ya tattara wuƙar yankan fata da basillolinsa da almakashin da ya gada wurin mahaifinsa, waɗanda dama a gida suke, ya kai wa Malam Iro, baduku maƙwabcinsa, ya ce kyauta. Ya ba ladan babbar rigarsa ta salla. Ya aika aka yanko masa farin yadi ya ninke ya sa a ƙarƙashin matashi.

Ku ji abin da muka ce. Muka ce Sabo ya leƙa lahira ya dawo, ya gane duniya ba komai ba ce. A majalisa ana ba da misali da shi. Baba Alhaji har da ƙwalla, yana cewa, "Yaron nan Allah Ya buɗe masa ido. Mu da muka tsufa ko likkafani ba mu tanada ba." Akwai wanda ya kawo masa jariri ya tofa masa addu'a. Ni da kaina na riƙa ce masa Shehu Sabo mai kwalbati.

Binta ce kaɗai ba ta shiga wannan murna ba. Ta tare ni a soro, ita da kullum muke tsokanar juna, ranar ko murmushi babu.

Ta ce, "Malam Habu, ka tsaya ka ji ni, don Allah ban da wasa."

Na ce, "Uwargida, in kuɗin cefane ne, ni ma nema nake."

Ta ce, "Kuna ta cewa ya zama waliyyi. Ni da nake ɗaki ɗaya da shi na san abin da nake gani. Wanda ya tuba ai salla yake ƙarawa. Shi ko alwala sai na kai masa buta na tsaya a kansa. Masallacin da ke ƙofar gida ya fi wata bai taka ba. Tuwo loma biyu. Ko Auta ta hau cinyarsa ba ya kallonta. Wane irin waliyyi ne ba ya son 'yarsa?"

Na ce gajiya ce, zai ware. Ta dube ni ta ce, "To." Wannan "to" ɗin har yau ina jin sa a ƙirjina.

Bayan kwana huɗu, da hantsi, ina rumfa ina auna wa wata mata zare, sai ga Sabo tsaye a gabana. Rabonsa da kasuwa tun ranar hatsarin. Rigar ta yi masa yawa kamar ta aro. Na buɗe baki zan fara, sai ya tsuguna a gaban tebur ɗina, a cikin mutane, ya ce, "Ɗan Goggo, ka yafe min."

Jama'a, taubashi ba ya neman gafarar taubashi. Me zai nema? Duk abin da ya shiga tsakaninmu an yafe shi tun kafin a haife mu. Ko a gadon mutuwa, kakanninmu tsiya suke yi wa juna.

Na ce, "Tashi, kai, mutane na kallo. Bawa ne ke yafe wa ubangidansa?" A rayuwata ban taɓa amsa sunan bawan nan ba sai ranar, don kawai ya kama ya rama.

Bai kama ba. Ya ce, a hankali, yana neman kalmomin ɗaya-ɗaya, "Gaskiya ka faɗa ran nan. Buhun ya fi ni. Ka riƙe min yara, ka fi kowa sanin halinsu."

Ya tashi ya tafi. Na tsaya da zare a hannu, matar tana ce min Malam canjina, ni ban ma san a wace duniya nake ba. Da na farga na bi shi, ya ɓace a cikin kasuwa.

Na je gidansa, ba ya nan. Binta ta fito ba mayafi. Muka bazu. Na shiga Gwammaja lungu-lungu, na hau gindin Dala, na leƙa duk wani kududdufi da rijiyar da na sani, kowacce na leƙa sai na rufe ido tukuna. Mutum mai tumbi irina, ranar na yi gudun da ban yi ba tun ina yaro. Bakina da ba ya rufuwa, ba abin da ke fita sai innalillahi. Aka kira azahar, aka kira la'asar.

Wani mai tura ruwa ne ya ce ya ga mai irin kamarsa ya nufi maƙabarta. Can na same shi, zaune a ƙasa kusa da kabarin mahaifinsa, rana na dukan tabon nan. Tsohon da ke haƙa kabari yana tsaye nesa kaɗan da gatarinsa, ya ƙi tafiya. Ya jawo ni gefe ya ce, "Ɗan'uwanka ne? Tun ɗazu yake tambayata ko nan gefen akwai wuri. Ni na ga masu ziyara iri-iri, wannan ba ziyara ya zo ba. Kada ku bar shi shi kaɗai."

Na zauna kusa da shi. Na ce, "Sabo, me kake yi a nan?"

Ya ce, "Ina ganin in na tafi kowa zai huta. Binta ta huta. Baba Alhaji ya huta da ciyar da ƙato."

Ban san lokacin da na riƙe hannunsa ba. Har gida ban sake shi ba, kamar ɓarawon da na kama.

Washegari na kai shi wurin likitan da ya duba masa kai tun farko. Da ya ce ya jiki, Sabo ya ce da sauƙi, likita har ya fara rufe fayil. Sai na ce, "Likita, ƙarya yake." Na zazzage komai, har farin yadin. Likitan ya ajiye biro. Ya ce wannan abu ne da suke gani bayan bugun kai, sunansa ciwon damuwa, kuma yana kisa kamar yadda zazzaɓi ke kisa. Ya rubuta mana takarda zuwa ɓangaren masu duba lafiyar tunani.

Baba Alhaji ya ce sam. "Wurin mahaukata? Ɗan yayana? Mutumin da gari ke neman albarkarsa za ku kai a ɗaure?" Na ce Baba ba ɗaurewa ake ba. Ya ce in rufe masa baki, ni da ban taɓa yin maganar hankali ba. A nan kam ya same ni. Wanda ya shekara arba'in yana wasa, ranar da ya zo da gaskiya ba mai saye. Sai muka koma zuwa a ɓoye, ni da Binta da shi, muna cewa wankin ciwo za mu. A layin ina ta jan hula ina rufe fuska kada wani ɗan kasuwa ya gan ni, sai na hango mutum biyu da na sani su ma suna jan tasu hular.

Likitan wurin ya ba da ƙwayoyi, ya ce sai sun yi sati uku ko huɗu kafin a ga aikinsu, kada a daina. Sannan ya tura mu wani ɗan ɗaki a ƙarshen baranda, wurin wani da ake kira Malam Bashir. Ba allura, ba abin awo a wuya, ba ko warin asibiti. Kujera uku da fanka mai kuka. Na ce a raina, mun sha wannan layi don a kawo mu hira? Hira ai ni ne dillalinta.

Da ya gama gaisawa ya ce wa Sabo, "A ɗakin nan an hana cewa da sauƙi. In babu sauƙi ka ce babu." Ya yi ta tambaya a hankali, yana jira, ko Sabo ya yi minti biyu yana neman kalma ba ya taya shi. Ni kuwa kamar in mutu don son cike masa maganar. Can sai Malam Bashir ya dubi Sabo ido cikin ido ya ce, "Malam Sabo, tunanin kashe kanka yana zo maka?"

Na kusa faɗowa daga kujera. A ce wa Musulmi haka? Binta ta toshe baki. Na yunƙura zan ce a'uzu billahi, Malam Bashir ya ɗaga min hannu.

Sabo ya ce, "Ina tsoron Allah. Amma yana zuwa. Kullum da safe. Ina korarsa yana dawowa. Na gaji da korar."

Sai ya fashe da kuka, irin kukan da bai yi ba ko ranar da aka binne mahaifinsa. Wata uku yana ɗauke da wannan abu shi kaɗai, mu muna kawo masa jarirai ya tofa.

Malam Bashir ya ce tambayar ba ta sa wa mutum tunanin, sauke masa take. Ya ce kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da duk abin da zai iya cutar da kansa da shi, magani ya zauna a hannun Binta, in abin ya tsananta a kawo shi ko ba ranarsa ba ce. Addu'a kuma a ci gaba, ba ta hana wannan, wannan ba ya hana ta. Za su riƙa zama duk Talata, rabin awa kawai don kan yana saurin gajiya. Da yake yana mantuwa, duk abin da aka yi magana a kai sai ya rubuta. Sabo bai yi boko ba, sai ya riƙa rubutawa da ajami a bayan kwalin da yake yanka samfurin takalmi.

Zama na uku aka zo kaina. Malam Bashir yana koya masa ya riƙa kama tunani yana tuhumarsa kamar alƙali. Ya ce, "Ka ce ba ka da amfani. Wa ya shaida?" Sabo ya juyo ya nuna ni da haɓa. Ya maimaita maganar buhu, da ta gwanjo, da ta kusoshi, kalma-kalma. Mutumin da ke manta ko ya karya kumallo, bai manta ko ɗaya ba.

Na ce, "Malam, taubashina ne fa. Wasa ne."

Ya ce, "Na sani, ni ma ina da su, sun ishe ni. Amma da can in ka faɗa yana ramawa, ko? Yanzu ba ya iyawa. Kai kana wasa, shi yana karɓa a matsayin shaida. Ciwon nan duk abin da zai tabbatar wa mutum cewa shi ba komai ba ne, shi yake tsincewa ya adana."

Da ƙasa ta tsage ranar, da na shige har da takalmana. Sai ya rubuta min nawa maganin: kullum in je in zauna da Sabo awa ɗaya, in yi shiru. In ya yi magana in saurara, kada in gyara, kada in ƙawata. Wallahi da ya ce in ɗauki Dala in kai Goron Dutse da ya fi min sauƙi. Ranar farko na ciji harshe har ya yi jini. Rana ta biyar Sabo ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, "Kaina kamar an cika shi da auduga." Na ce, "Uhm." Ya ci gaba. Ashe mutumin yana da magana, wuri ne bai samu ba.

Abu na biyu shi ne aiki. Malam Bashir ya ce hutun da muka ɗora masa yana cikin abin da ke cinye shi. Ba a jira sai zuciya ta so kafin a motsa, motsin ne ke jawo ta. Kullum abu ɗaya ƙarami, a rubuta a kwali: yau ya taka zuwa masallaci azahar, gobe ya raka Auta bakin layi, jibi ya yanka maɗaurin takalmi guda ɗaya. To da me zai yanka? Kayan aiki an yi kyauta da su, kuma kun san abin kunya ne a bi kyauta a karɓo. Na je wurin Malam Iro ina ta kewaye-kewaye, ina zancen tsadar fata. Ya dube ni ya ce, "Habu, tun ranar da ya kawo su ban taɓa su ba. Baduku ba ya rabuwa da almakashin ubansa yana lafiya. Kai masa, ka ce aro na ba shi." Binta ce ke fito da su in ina zaune, in an gama ta mayar ta kulle.

Makullin rumfa kuwa sai da asirinmu ya tonu. Wani ya gan mu a layi ya kai wa Baba Alhaji. Ya zo gidan a fusace, ya ce mun tozarta zuri'a. Ina tsaye, sai Sabo da kansa ya ɗauko kwalin nan ya miƙa masa. Baba Alhaji ya sa tabarau ya karanta ajamin. Ban san layin da ya kai ba, na dai ga leɓensa ya daina motsi. Ya zauna a bakin katifa ya ce, "Sabo, haka kake ji, ina ta yabonka?" Limamin unguwa ma da aka kai masa zancen ya ce ciwo ne kamar kowane ciwo, neman magani ba raunin imani ba ne. Da yamma makulli ya fito daga 'yar ciki.

Kada ku zaci daga nan sai daɗi. A sati na tara ya ɗauki fata mai kyau zai yanka, hannun hagu ya kuɓuce, ta lalace. Ya shiga ɗaki ya juya wa bango fuska kwana huɗu, ba ci ba magana. Muka koma gidan jiya. Ni da Binta muna karɓa-karɓa, ko ban ɗaki ya shiga ina tsaye a ƙofa ina ƙirga numfashina. Muka kai shi ba ranarsa ba, muka tarar Malam Bashir ya yi tafiya, mutum ɗaya ne tilo a wurin ga jama'a kamar kasuwar Kurmi. Wannan ina kuka da shi har gobe: gari kamar Kano a ce mai wannan aiki sai an yi ta nema. Likitan ƙwayoyi ne ya gan mu ya gyara awon magani. Talatar da ta biyo Malam Bashir ya ce faɗuwa tana cikin tafiyar, ya sa Sabo ya yanka maɗauri shida daga fatar da ya ce ta mutu.

Wata bakwai muna zuwa duk sati, daga baya ya koma wata-wata. Takalmin farko da ya gama, ƙafar dama ta fi ta hagu da kusan yatsa biyu. Baba Alhaji ya saya, ya sa, ya je Juma'a da shi yana ɗingishi, ba wanda ya isa ya yi magana.

Ga abin da nake so ku ɗauka. In naku ya bugu a ka, kada ku tsaya a kan tabo. In mai surutu ya yi shiru, in mai son sana'arsa ya fara rabar da kayan aiki, in yana bin gidaje yana sallama alhali likita ya ce ya warke, kada ku yi saurin cewa ya zama na Allah. Ku duba ko yana ci, ko yana barci, ko yana kallon 'ya'yansa. Ku tambayi matarsa, ku kuma saurare ta. Ku tambaye shi kai tsaye, da sunan abin, komai nauyinsa a baki. Sannan ku kai shi asibiti, ko duk unguwa za ta gan ku a layi.

Yau shekara uku ke nan. Sabo yana buɗe rumfa daga safe zuwa azahar, hayaniyar yamma ba ta yi masa. Bakin nan mai kaifi bai dawo ba, likita ya ce wataƙila ba zai dawo duka ba, kuma ina kewarsa fiye da yadda zan iya rubutawa. Tsoron ma bai bar ni ba. In na iso kasuwa na ga rumfarsa a rufe, sai in tafi nemansa.

Shekaranjiya na iso na gan ta a rufe. Ban ko sauke kaya ba na nufi Dukawuya. Na same shi a soro, ya haɗa kai da gwiwa. Na ce ya ake ciki, ya ce, "Yau babu kyau." Na shimfiɗa buzu na zauna. Muka yi azahar tare, muka dawo muka zauna. Ciniki na can yana wuce ni, ban ce uffan ba. Binta ta turo fura, ya sha rabi. Sai da inuwa ta kai bakin ƙofa, na miƙe ina kakkaɓe riga, ban san a yaya zan bar shi ba, sai ya ɗago.

Ya ce, "Gobe ka zo da wuri. Akwai fatar da nake so mu je majema mu duba, kada wani ya riga mu."

Na ce to. Na fito lungu, na jingina da bango, na yi kuka kamar an yi min mutuwa, har wata tsohuwa ta tsaya tana ba ni haƙuri tana tambayar wa ya rasu. Na ce mata ba kowa, Iya. Ba kowa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na asibiti da na gida, da waɗanda ciwonsu ba ya nuna jini. Ya ba masu jinya ido da kunne.